Jawabin Maraba Ga Babban Baƙonmu A Bikin Furen Shirui

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe. Iyayenmu sarakunan ƙauyuka, Awunga na Shirui, wato sarkin ƙauyenmu, da takwarorinsa da suka taso tun asuba, shugabannin Tangkhul Naga Long, ƙungiyar ƙabilarmu ta Tangkhul, fastoci da dattawan coci, iyayenmu mata da tun shekaranjiya ba su sauka daga kan murhu ba, jami'an tsaro da suka kwana kan hanya saboda mu, samari da 'yan mata, da duk baƙin da suka zo daga Imphal da Kohima da ma nesa da nan, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. A madadin kwamitin ƙauyen Shirui na jihar Manipur a Indiya nake tsaye, kuma an ja min kunne kar na wuce lokaci saboda hadari ya fara haɗuwa ta gabas, to zan yi ƙoƙari amma ban yi alkawari ba.

Ranka ya daɗe mun san hanyar da ka biyo. Daga Imphal babban birnin jiharmu zuwa garin Ukhrul sama da kilomita 80 ne, kuma ba irin kilomitar da direba zai taka mota ya saki jiki ba ce, kwana ne bayan kwana, hawa bayan hawa, ga ruwan Mayu ya riga ya fara cin gefen kwalta, sannan daga Ukhrul a sake ɗauko wata guntuwar da ba ta kai kilomita 20 ba kafin a iso nan gindin dutse. Da ka ga dama da ka turo wakili da takarda ya karanta mana mu tafa, babu wanda zai ce ka yi laifi, amma ka zo da ƙafarka, zuwa da kai kuwa ya fi aike. Ba mu da babban otal da za mu sauke ka, kujerun ma na coci ne muka aro, to amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, fuskokin nan da kake gani duk murna ce.

Murnar tana da dalili. Bana 2025 shine karo na biyar da ake wannan biki, alhali tun 2017 aka fara shi, duk mai lissafi zai ga akwai giɓi. An yi a 2017, an yi a 2018, na 2019 sai a watan Oktoba aka yi shi, wato anyi bikin fure babu furen, baƙi suna ta tambaya ina yake ina yake muna nuna musu hoto a kalanda, har yau in dattawa suka tuna sai sunyi dariya. Sai korona ta zo ta rufe kowa a gida. A 2022 aka dawo, muna cewa to shikenan an ɗora kenan, sai ranar 3 ga Mayu 2023 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan uwanmu ƙabilun Meitei da Kuki, sama da mutum 200 suka rasa rayukansu, dubban iyalai suka bar gidajensu wasu har yanzun nan suna sansani. Shekara biyu ba kiɗa ba rawa a filin nan, kuma da gaskiya, wa zai buga ganga maƙwabcinsa na zaman makoki. Furen dai bai fasa fitowa ba, ya fito a 2023 ya fito a 2024, mu kaɗai muka gan shi. Shi yasa yau duk wanda ya hau dutsen nan, Meitei ne ko Kuki ko Pangal, wato Musulmin Manipur, ko Naga ɗan uwanmu na wata ƙabilar, baƙonmu ne kuma amanarmu ne har ya koma gida lafiya, wannan ba maganar kwamiti ba ce kawai, maganar sarakunanmu ce da suke zaune a nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da na sansani ɗakunansu.

To bari na gabatar maka da mai bikin, tunda shi ba zai iya saukowa ya gaishe ka ba. Yana can saman Shirui Kashong, dutsen nan da ke bayanka wanda hazo ya rufe kansa, tsayinsa ya haura mita 2,500. Wanda ya saba ganinsa a fosta zai ɗauka wani ƙaton abu ne, a'a, tsiro ne siriri, wani bai wuce gwiwa ba wani ya kai ƙugu, ganyensa ƙanana, a kansa fure ɗaya ko biyu ko uku, in ƙasa ta karɓe shi sosai har bakwai ana samu a kara guda. Launinsa fari ne da ja-ja ya ɗan ratsa shi, ta wajen gindin furen ya fi turuwa, da safe in raɓa ta kwanta har wani shuɗi-shuɗi yake yi. Kuma baya ɗaga kai, kullum a sunkuye yake kamar amarya ranar da aka kai ta, in kana son ganin cikinsa sai dai kai ka durƙusa, har manyan mutane masu riga mai tsada mun ga sun sa gwiwa a taɓo saboda shi. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni yake yi, 'yan makonni ne kawai, daga nan ya bushe ya koma ƙasa, albasarsa ta kwanta sai wata shekara.

Mu Kashong Timrawon muke ce mishi, kakanninmu suna danganta shi da Philava wadda a tatsuniyarsu ita ce mai tsaron dutsen. A littattafan masana kuma sunansa Lilium mackliniae, labarin sunan ma abin a faɗa ne. Wani Bature masanin tsirrai ɗan Ingila, Frank Kingdon-Ward, ya zo yankin nan a 1946 bayan yaƙin duniya na biyu, ya hau dutsen a lokacin da furen ya riga ya wuce, kwanson iri kawai ya tarar a bushe, abin ya tsaya mishi a rai har ya sake dawowa a 1948 tare da matarsa Jean Macklin suka gan shi a buɗe, sunan matar ne aka liƙa wa furen. Ya kai irin Ingila aka shuka, ya ci lambar yabo a baje kolin furanni a Landan. Ana yawan cewa shi ya gano furen, mu kam bama jayayya da baƙo, amma ai wani ne ya nuna mishi hanya ya ɗauko mishi kaya har sama, kuma wannan wani ɗin ɗan ƙauyen nan ne, sunansa ne dai bai shiga littafi ba. Duk da haka muna gode wa Baturen, don ta dalilinsa duniya ta san akwai wani waje wai shi Shirui. A 1989 gwamnatin Manipur ta ɗauke shi a matsayin furen jiha, hukumar gidan waya ta Indiya ma ta buga hotonsa a kan sarki.

Yanzu ranka ya daɗe ka yi min izini na faɗi abinda ya fi damunmu, don in na tsaya a yabo kawai dattawan nan ba za su bar ni na kwana a garin nan ba. Furen yana raguwa. Tsofaffinmu suna faɗa cewa da can tun kafin ka kai ƙololuwa kake fara cin karo dashi, gangaren gaba ɗaya ya yi fari, yanzu sai ka wuce tudu na farko ka wuce na biyu kana haki kafin ka gan shi da ɗan yawa. Babban abokin gabarsa wani gajeren gora ne da muke kira machun, shi ba tsayi gare shi ba amma saiwarsa saƙa take yi a ƙarƙashin ƙasa, ta kama ko'ina ta matse, albasar furen ta rasa inda zata numfasa. In ka sare shi ta sama ka yi aikin banza, damina ɗaya ya dawo ya fi da, sai an tona an bi saiwar an fizge ta, kuma a hankali, don garin cire gora kana iya fasa albasar da kazo ceto. Samarin ƙauyen nan suna hawa da adda da fartanya suyi wuni guda, su sauko hannu duk kanta ƙafa duk matsattsaku, abinda suka share bai fi filin tsakar gida ba, kuma yawanci ba ko sisi, shayi ne kawai da shinkafar da iyayensu mata suka ƙunsa musu a ganye. Ga gobarar daji da rani, ga yanayi da ya canza, ruwa ya zo da wuri ko ya makara, sanyin da muka sani muna yara ba shi bane yanzu.

Abokin gaba na biyu kuma, sai dai a yi haƙuri, mune da baƙinmu. Ƙafa. Mutum ya sha wahalar hawa awa biyu ko uku, ya iso ya ga fure, dole yana son selfi, to na bakin hanya an riga an tsaya a gabansa sai ya ratsa cikin ciyawa neman nasa shi kaɗai, baya ganin ƙananan da basu yi fure ba tukuna, ya taka biyar don ya ɗauki ɗaya. Tsiron da ya fito daga iri kuwa shekaru yake ɗauka kafin ya yi furen farko. Wani ma ya tsinka ya soke a hula, wani ya tono albasar ya sa a jaka wai zai shuka a tukunya a gida, ta ruɓe mishi cikin sati biyu don zafin kwari ba nata bane. Bayan biki in ka hau sai ledar biskit da robar ruwa har cikin ramin duwatsu, yaran makarantarmu ne ke bi da buhu suna tsincewa. Ni ina daga cikin masu son bikin nan, na ga abinda ya kawo, matan da ke sayar da abinci sun biya kuɗin makaranta dashi, masu taksi sun samu, gidajen da suka gyara ɗaki ɗaya suna sauke baƙi sun samu, amma in aka ci gaba da sakin dubban mutane kan dutse ɗaya cikin kwana biyar ba tsari, wata rana za'a kafa rumfa a kunna lasifika a kira manyan baƙi, sai a koma nuna hoto a kalanda, wannan karon kuma ba don an yi kuskuren wata ba.

Abinda muke roƙo ba mai yawa bane, kuma mun san kunnenka yana kaiwa inda namu baya kaiwa. A ƙayyade yawan masu hawa a kowace rana lokacin furen, da tikiti, kowane rukuni da ɗan jagora daga samarin nan waɗanda suka san inda ake taka ƙafa da inda ba'a takawa, a biya su albashi ko kaɗan ne su san aiki ne ba taimako ba. Kuɗin cire machun kuma a ware shi duk shekara, yazo da rani lokacin da ake aikin, don gora bai san ranar buɗe biki ba. Masana a Imphal sun yi ƙoƙari sun raino furen a ɗakin gwaji sun dawo dashi dutsen sun dasa, muna jinjina musu, muna so a ƙarfafa su su riƙa zuwa suna dubawa, a kuma koya wa yaranmu da suka karanta kimiyya su riƙe aikin a nan. Dutsen nan ba fure kaɗai yake ɗauke dashi ba, rafuka da yawa na yankin nan daga jikinsa suke tasowa, a dajinsa ake samun nongin tsuntsun jiharmu, wanda ya kare Shirui Kashong ya kare ruwan shan mutanen da basu taɓa hawansa ba.

Ɗaya rabin bikin kuma mune Tangkhul. Muna nan a gundumar Ukhrul da Kamjong, 'yan uwanmu suna tsallaken iyaka a yankin Somra na ƙasar Myanmar, iyakar ce ta zo ta same mu. Wani abu da ke ba baƙi mamaki shine kusan kowane ƙauye da irin harshensa, ka haura tudu ɗaya ka gangara sai ka ji magana ta canza, wani lokacin har ba'a fahimtar juna. Abinda ya haɗa mu a baki ɗaya shine harshen garin Ukhrul, wato Hunphun, wanda ɗan mishan William Pettigrew ya rubuta da haruffan boko bayan zuwansa a 1896, ya buɗe makaranta, a 1901 aka yi wa ɗalibansa 12 baftisma, daga nan cocin Phungyo ta samo asali wadda itace ta farko a Manipur. Mun samu ilimi ta wannan hanya kuma muna alfahari da hakan, ni kaina ɗan coci ne. Sai dai gaskiya a garin rungumar sabo an yar da abubuwa da yawa da basu yi laifin komai ba. Longshim, gidan da samari ke kwana tare suna koyon waƙa da tarihi da aikin hannu daga na gaba dasu, ya mutu. Waƙoƙin Hao laa da ake yi a gona da wajen ɗaukar katako, tsofaffin da suka iya su daga farko har ƙarshe sun kusa ƙarewa, kuma harsunan ƙauyukan nan yaran da suka tashi a Delhi ko Bangalore wajen neman aiki basa jinsu. Irin su Guru Rewben Mashangva, wanda ya bi ƙauye-ƙauye yana tattara tsofaffin waƙoƙi ya kuma farfaɗo da tingteila, gogenmu mai tsirkiya ɗaya, har ƙasa ta karrama shi da lambar yabo ta Padma Shri a 2021, sun nuna abin zai yiwu, amma mutum ɗaya ko biyu basu isa ba, a sa mana shi a makaranta.

In an tashi daga nan zamu zagaya dakai rumfuna, ina roƙon ka ɗan daɗe a ta mutanen ƙauyen Longpi. Tukwanensu baƙaƙe ne sul, kuma ba'a juya su a kan faifai irin na sauran magina. Dutse ne ake fasowa a daka shi ya zama gari, a haɗa da wata jar ƙasa a kwaɓa, maginin ya mulmula ya shimfiɗa ya naɗe, sannan ya sa hannu ɗaya a ciki riƙe da dutse ɗayan a waje da ɗan faffaɗan katako yana bugawa yana zagaya tukunyar, ita tana zaune shi yake yawo, har bangon ya yi sirantar da yake so. In ta bushe a goge ta, a ƙona a wutar fili, tana da zafinta a shafe ta da ganyen wani itace, daga nan wannan baƙin mai sheƙi yake fitowa, ba fenti ba komai. A da maza ne ke wannan sana'a. Naman da aka dafa a cikinta ya daɗe da zafi bayan an sauke, shayin da za'a kawo maka anjima ma a kofinsu ne. Yanzu ana sayar da kayan Longpi a manyan shaguna a birane da tsada, amma ka tambayi maginin nawa ke shigowa hannunsa, ka kuma tambaye shi guda nawa ke fashewa a mota kafin a kai Imphal.

Hanyar nan dai ita ce maganar kowa. Manoman Kachai masu lemon tsami, da na Sirarakhong masu barkonon hathei, wannan dogon ja mai ƙamshi da ya samu rajistar asalin yanki a 2021, duk kukansu ɗaya, kaya mai kyau amma kafin ya isa kasuwa rabi ya lalace ko kuɗin mota ya cinye ribar. Ba zan tsawaita ba tunda bayanka ya riga ya ji abinda nake nufi.

Da daddare akwai ShiRock, samari da gita da ganguna na zamani, sauti har ƙauyen gaba. Mu tsofaffi kam bama gane abinda suke faɗa, amma mun lura shi ke cika fili, kuma yaron da ya zo don gita in ya kwana ya wayi gari ya ga rawar pheichak da jan igiya ko bai so ba wani abu zai shige shi, to mun yi sulhu dasu. In lokaci ya bari kuma muna so a kai ka Shangshak, ba nisa, inda a watan Maris 1944 sojojin lema na Indiya suka tare rundunar Japan kusan mako guda a hanyarta ta zuwa Kohima, a kan gonakin mutanenmu da harabar cocinsu aka yi wannan yaƙi, ƙauyen ya ƙone, tsofaffinmu sun ga abinda yaƙi ke yi tun kafin a haife mu, shi yasa maganar zaman lafiya bata da arha a bakinmu.

Ranka ya daɗe, al'adarmu bata barin baƙo ya zauna kafaɗa a buɗe. Iyayenmu mata za su taso yanzu su yafa maka haora, mayafin maza mai ja da fari, a masaƙar ƙugu aka saƙa shi, mace na zaune a ƙasa ta ɗaure zaren a bayanta ta miƙe ƙafa, makonni ana abu ɗaya, ba na kanti bane. Tawagarka mata kuma akwai changkhom nasu. Abinci yana nan a shirye, akwai naman alade da tohon gora irin namu, wanda baya ci kuma an dafa kaza da ganye a tukunya daban da murhu daban, kowa ya saki jiki. Gobe in Allah ya kaimu ƙarfe biyar na asuba samari za su jira ka a bakin hanyar dutse, an tanadi sanda da takalmin roba da gishiri saboda matsattsaku, in ka ga zaka iya sai mu hau tare ka gani da idonka inda goran ya ci da inda aka ƙwato. Yanzu ina gayyatar Awunga na Shirui da iyayenmu mata su matso, bayan an yafa mayafi sai mu saurari jawabinka. Barka da zuwa Shirui, mun gode.